Allurar da aka gama amfani da ita, ina take zuwa?

 Wannan shi ne abin da muka tattauna a shirinmu na kiwon lafiya, mun mayar da shi a rubuce don wanda shirin ya wuce shi yana cikin mota ko yana bayan shanu.

Maganar ta shafi Zangon Kumasi ne, amma duk mai ratsa iyaka tana kansa. Kai Alhaji da ka sauko da albasa daga Galmi, ko kai Ardo da ka loda shanu daga Burkina ka biyo ta Paga, in zazzaɓi ya kama ka a Kumasi ba kasafai kake nufar babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye ba. Layi ya yi tsawo, kaya na jiran ka, mai masauki kuma ya san wani ɗan ƙaramin asibiti a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango inda za a duba ka cikin awa guda. A yi maka allura, a sa maka ledar ƙarin ruwa, ka samu sauƙi, ka biya, ka tafi. To allurar nan fa? Ledar nan fa, da audugar da aka goge jinin? Kai ka kama hanya, su suna nan, kuma inda za su kwana shi ne abin da nake so mu duba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na sharar da asibiti ke fitarwa shara ce irin ta gida: takarda, kwali, ragowar abinci, ledar ruwan sha. Sauran kashi 15 ɗin su ne masu haɗari, wato abin da ya taɓa jini ko mugunya, abu mai kaifi ko tsini, magani da ya lalace, da guba. Ka riƙe wannan lissafin da kyau, don duk maganarmu a kansa take tsaye. A ce ƙaramin asibiti ya tara kilo 10 na shara a yini. Kilo ɗaya da rabi ne kawai ke buƙatar kulawa ta musamman. Amma da zarar mai shara ta juye komai cikin bokiti ɗaya, kilo goman nan duka sun zama abin tsoro, domin ba mai iya sa hannu ya tsince allura daga cikin ragowar shinkafa. Shi ya sa masana suka ce a raba tun a wurin da aka yi aikin, da hannun wanda ya yi aikin, a daidai lokacin da ya gama. In aka bari sai yamma, an makara.

Me ya sa allura ta fi komai ban tsoro? Saboda rami ne da ita, jini na maƙalewa a ciki, ga ta da tsinin da zai kai shi cikin jikin wani. In allurar da aka yi wa mai ciwon hanta nau'in B ta soki wanda ba a yi masa rigakafi ba, haɗarin ya kamu yana iya kaiwa kashi 30 cikin 100. Na ciwon hanta nau'in C kusan kashi 2 ne. Na ƙanjamau kuwa, wanda kowa ya fi jin tsoro, bai kai ko kashi ɗaya ba, kamar mutum 3 ne cikin 1,000. Ka ga ashe wanda ba a cika ambatonsa ba shi ne ya fi saurin kamu. Ƙwayar ciwon hanta B tana iya yin kwana 7 ko fiye a busasshen jini ba ta mutu ba. Kuma a Gana wannan ciwo ba baƙo ba ne: binciken da aka tattara a 2016 ya nuna kusan kashi 12 cikin 100 na mutane na ɗauke da shi, da yawa ba su ma sani ba, don yakan yi shekaru yana cin hanta shiru kafin ciki ya kumbura ko ido ya yi rawaya. Sai a 2002 Gana ta sa rigakafinsa cikin allurar da ake yi wa jarirai. Duk wanda aka haifa kafin nan, in bai je da ƙafarsa ya nema ba, to da wuya a ce an yi masa.

A duniya ana yin allura kusan biliyan 16 a kowace shekara. A ƙididdigar 2010 kaɗai, allurar da ba ta da tsabta ta jawo wa mutum miliyan 1.7 ciwon hanta B, mutum 315,000 ciwon hanta C, sannan mutum 33,800 ƙanjamau. Kada ka ɗauka lissafin takarda ne. A 2009, a garin Modasa na jihar Gujarat a Indiya, ciwon hanta B ya ɓarke ya kashe mutane da dama, da aka bi sawu sai aka tarar ana maimaita sirinji, har aka gano rumbunan da ake tara sharar asibiti ana wankewa ana sake sayarwa. A 2019 kuma, a Ratodero ta ƙasar Pakistan, an gano ɗaruruwan yara ƙanana ɗauke da ƙanjamau alhali yawancin iyayensu ba su da shi, kuma bincike ya dangana abin ga allura da ƙarin ruwa marasa tsabta a ƙananan wuraren shan magani. Wurare ne irin namu, unguwanni masu cunkoso inda talaka ke neman sauƙi.

Yanzu mu dawo Zango mu bi sawun sharar. Wanda ya san Kumasi ya san yadda ake kwashe ta: mai babur mai ƙafa uku, wanda ake kira aboboya, zai zo ƙofar gida ya karɓi kuɗinsa ya loda, ya kai babban kwantena ko ya wuce da ita bolar Oti da ke Dompoase. Yaron nan da hannu yake danna buhu don ya sami wurin ƙara wani. Sau da yawa ba safar hannu, takalminsa silifa. A bola kuma akwai masu tsintar roba da ƙarfe, irin waɗanda ke kai kaya wajen 'yan gwangwan na Akwatia Line da Dagomba Line. Yawancin masu wannan aiki 'ya'yanmu ne, 'yan ci-rani daga arewa. Su ne allurar ke fara samu. Wadda ta tsallake su kuwa, in ruwan sama ya sauka ya cika kwata, sai ta bi rafin Aboabo ko Subin, ta gangara Sisa, ta nufi kogin Oda, inda masu lambu ke ban-ruwa, dabbobi kuma ke sha. Ga yara da ke ganin sirinji abin wasa ne, suna zuƙar ruwa da shi suna fesa wa juna.

Doka dai akwai ta. Ma'aikatar Lafiya ta Gana ta fitar da tsarin kula da sharar asibiti tun 2006, ta sabunta shi a 2020. A 2016 majalisa ta yi dokar shara mai haɗari, doka mai lamba 917. Akwai kuma hukumar HeFRA, wadda dokar 2011 mai lamba 829 ta kafa, ita ke ba asibitoci manya da ƙanana lasisi, har da gidajen haihuwa da ɗakunan gwajin jini. Sannan ga duba-gari, waɗanda mutanen Zango ke kira tankas, ƙarƙashin hukumar birnin Kumasi da ta Asokore Mampong. A ganina abin da ya yi ƙaranci ba doka ba ce, ido ne. Jami'i zai zo sau ɗaya ya tafi, amma mara lafiya kullum yana wurin. In majinyata suka san abin da ya kamata su gani, mai asibiti zai gyara tun kafin tankas su iso, domin ba mai son a ce a tashar mota wurinsa ƙazami ne.

To me za ka duba? Da ka shiga ɗakin allura, ɗaga ido ka nemi launi uku. A tsarin Gana, baƙar leda ta sharar gida ce. Rawaya ta duk abin da ya taɓa jini ko ruwan jiki: auduga, bandeji, safar hannu, igiyar ƙarin ruwa. Ruwan ƙasa kuma ta magani da ya lalace da sauran sinadarai. In ka tsallaka Najeriya za ka iya ganin an ƙara ja a wasu asibitoci, don abin da ya fi haɗari, amma ma'anar ɗaya ce. Bokitin ya kasance da murfi, wanda ake takawa da ƙafa ya fi.

Abu mai tsini kuwa ba ya shiga leda ko wace iri ce. Yana da akwatinsa, wani kwali mai kauri, yawanci rawaya, da ɗan rami a sama. Mai lita 5 yana ɗaukar sirinji kusan 100. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce amma ana yawan karya ta: a ajiye shi inda hannun mai allura zai kai ba tare da ya tashi ba, a jefa sirinji da allurarsa gaba ɗaya, kada a tsaya mayar da murfi. Wurin mayar da murfin nan ne ma'aikata da yawa ke soke kansu, hannu ɗaya riƙe da murfi ɗaya riƙe da allura, mara lafiya ya motsa, shi ke nan. Kada a lanƙwasa ta, kada a karya ta. In akwatin ya kai kashi uku cikin huɗu, a rufe, a kawo sabo. Mai danna shi da yatsa don ya ƙara ɗaukar guda biyar yana cinikin lafiyarsa ne da kuɗin kwali. Idan akwatin ya yanke, jarka mai kauri mai ƙaramin baki za ta yi aikin, irin rawayar nan da ake kira jarkar Kufuor. Sai dai a rubuta mata gargaɗi ɓaro-ɓaro, a ɗaure murfinta, don a Zango jarka ba ta zama banza. In aka bar ta a fili, gobe za ka gan ta a bakin famfo.

Kuma kana da haƙƙin ka ce a ɓare sabon sirinji a gabanka. Ba rashin kunya ba ne, ma'aikaciyar kirki ba za ta ji haushi ba. Wani abin kuma da ya kamata a faɗa wa juna gaskiya: mu ne ke matsa wa ma'aikata sai an yi mana allura. Mutum ya zo da ciwon da ƙwaya za ta warkar, amma in ba a soke shi ba sai ya ga kamar an cuce shi. Duk allurar da ba a yi ba, sharar da ba a tara ba ce. Masu shagon magani na unguwa kuma, lasisin da Hukumar Harhaɗa Magunguna ta ba su na sayar da ƙananan magunguna ne, ba na yin allura a bayan labule ba. Wanda ke yin aiki a ɓoye, sharar aikin ma a ɓoye zai zubar da ita, cikin dare, a kwata.

Bayan an raba, sai ajiya. A ƙasa mai zafi irin tamu, shara mai cuta ba ta wuce awa 48 a lokacin sanyi, awa 24 a lokacin zafi, sai dai in akwai ɗakin sanyi. Wurin ajiyar ya zama mai ƙofa da kwaɗo, inda akuya da kare da ɓera da yara ba za su kai ba, kuma nesa da inda ake dafa abinci. Wannan na da wuya a Zango, na sani. Asibiti da yawa gidan haya ne aka gyara, bayan katanga mai waake ce ke hura wuta. Amma ko ɗan keji na ƙarfe mai rufi ya fi a jingine leda a jikin bango.

Daga nan sai babbar tambaya: a ƙona ne ko a binne? Mutanenmu sun yarda da wuta. Abin da wuta ta ci, a ganinmu, ya tsarkaka. Amma wutar bayan gida, wadda ake zuba wa kananzir a tsohuwar ganga, ba ta isa ba. Murhun ƙona sharar asibiti na ƙwarai yana aiki ne a zafin digiri 850 zuwa 1,100, da ɗaki na biyu da ke ƙone hayaƙin kansa. Wutar ganga ba ta zuwa kusa. Allura ba ta narkewa a ciki, tana nan cikin toka da tsininta. Kwalba na fashewa ta yi tsalle. Mafi muni shi ne hayaƙin. Ledar jini da igiyar ƙarin ruwa yawanci da wata roba ake yin su mai sinadarin kulorin, in ta ƙone a wuta marar ƙarfi sai ta fitar da guba da ake kira dayoksin. Gubar nan ba ta ruɓewa da wuri. Tana sauka kan ciyawa da ƙasa, saniya ta ci, ta taru a kitsenta da nononta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da ke shiga jikin ɗan Adam ta abinci yake shiga, musamman nama da nono da kifi. Ardo, ka ji inda maganar ta iso rugarka. Hayaƙin da kake gani yana tashi a bayan wani asibiti a gefen gari, in shanunka na kiwo a wurin, ƙwaryar nonon gidanka yake nufa. Saboda irin wannan guba ce ƙasashen duniya suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Stockholm a 2001.

Akwai ɗan murhun bulo da wani malami a jami'ar De Montfort ta Ingila, Jim Picken, ya ƙirƙiro don ƙananan asibitocin karkara, kuma an gina irinsa da yawa a Afirka. Yana aiki in an fara zafafa shi da itace kafin a sa shara, an sa kaɗan-kaɗan, kuma mai kula da shi ya sami horo. Amma ba a tsakiyar Aboabo ba, inda tagar wani ke kallon bututun hayaƙin. Wanda ya fi dacewa da cikin gari shi ne kashe ƙwayoyin cutar ba tare da wuta ba: tukunyar turara mai matsi, wadda ke dafa shara da tururi a digiri 121 na kamar rabin awa, ko injin da ke niƙa ta ya gasa ta. Ƙaramin asibiti ba zai iya sayen wannan ba, kuma ba a ce sai ya saya ba. Abin da ake so shi ne ya ƙulla yarjejeniya da babban asibitin da ke da kayan aiki, ko da kamfanin da hukumar kare muhalli ta ba izinin kwasar irin wannan shara, mota ta musamman ta zo ta ɗauka, a ba shi takardar shaida. A nan ne lissafinmu na farko ke dawowa: wanda ya raba sharar tun farko, na kilo ɗaya da rabi zai biya, wanda ya cakuɗa, na kilo goma. Asibitoci huɗu ko biyar a unguwa ɗaya suna iya haɗa kai mota ɗaya ta zagaya su, yadda 'yan kasuwa ke haɗa kuɗin tirela.

A ƙauyen kan iyaka kuwa, inda ba motar da za ta zo, rami shi ne mafita, amma rami mai ƙa'ida. Ya yi nisa da rijiya ko rafi da aƙalla mita 50, gindinsa ya tsaya kamar mita 2 sama da inda ruwan ƙasa yake, a kewaye shi da shinge, duk abin da aka zuba a bi shi da ƙasa nan take. Allurai kuma akwai dabara mai kyau: a tara su a ganga har kashi uku cikin huɗu, a kwaɓa siminti a cika, in ya daskare a binne. Ba mai tonowa ya sayar.

Gidan haihuwa yana da nasa. A al'adarmu mabiyiya ba shara ba ce, ana karɓa a kai gida a wanke a binne, kuma ba wanda ya ce a daina. Abin lura shi ne jini ce, kuma in uwar na da ciwon hanta, tana ɗauke da shi. A ba dangi ita cikin leda biyu a ɗaure, wadda za ta wanke ta sa safar hannu, a haƙa rami mai zurfi yadda kare ba zai tono ba. Iyayenmu ungozomomi da ke karɓar haihuwa a gida, reza ɗaya jariri ɗaya, kuma rezar ta shiga gwangwani mai murfi, kada a soke ta a jikin katanga. Haka baba wanzami, mai kaciya da ƙaho da aski, haka mai yankan farce da ke zagaya tasha da almakashi ɗaya yana bin layin direbobi. Ba asibiti suke da shi ba, amma abin da ke hannunsu da abin da ke hannun likita, in ya taɓa jini, hukuncinsu ɗaya. Jinin da ya zuba a ƙasa kuma a zuba masa ruwan bilic, wanda ake kira Parazone a Gana, Hypo ko Jik a Najeriya, ruwan Javel a Nijar. In mai ƙarfin kashi 5 ne, awo ɗaya nasa, awo tara na ruwa, a bar shi ya ɗan jima kafin a goge.

In ma'aunin zafin jiki irin na gilashi ya fashe, ɗigon zaibar da ke birgima a ƙasa guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa. Kada a share da tsintsiya, kada yara su taɓa. A buɗe taga, a tattara da takarda mai kauri a sa a kwalba a rufe. Duniya ma tana barin irinsa tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013.

Yanzu ga taku, makiyaya, don ku ma likitoci ne a daji. Wane makiyayi ne ba ya yawo da sirinji a jaka, da kwalbar Terramycin, da ƙullin Berenil ko Samorin na sammore? In an gama, kwalba a jefa gindin bishiya, allura a soke a ƙasa ko a bar ta a mashaya. Yaronka da ke bin shanu ba takalmi shi zai taka ta. Saniya ma ba ta tauna abinci sosai a karon farko, haɗiya take, shi ya sa ƙusa da waya da allura ke wucewa cikinta, su huda tumbi, wani lokaci har su kai ga zuciya. Ka tambayi mahautan da ke aiki a mayankar Kumasi da ke Kaase abin da suke cirowa daga tumbin shanu, leda dunƙule-dunƙule. Saniyar da ka ga tana ramewa ba dalili, kana ta ɗura mata magani, wataƙila bola ta ci. Kuma allura ɗaya da ake bin garke duka da ita tana kwashe cuta daga marar lafiya ta raba wa masu lafiya. Gwangwanin madara mai murfi ko ƙaramar jarka a rataye a jikin kaya ya isa ya tara allurai har ka iso gari ka miƙa wa ma'aikacin dabbobi. In kuma ka soki kanka da allurar rigakafin dabba, musamman mai mai-mai, kada ka ce ƙaramin abu ne. Ɗauki kwalbar ka tafi asibiti da ita don su ga abin da ya shige ka.

Ku tuna watan Yunin 2023, lokacin da ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antiras, ya ɓulla a yankin Upper East, wajen Binduri da Talensi da Bawku ta Yamma. Hukuma ta hana zirga-zirga da yanka da sayar da dabbobi na wata guda, ana dab da babbar salla, kasuwa ta tsaya cik. A watan Yuli kuma Najeriya ta tabbatar da shi a wata gona a Suleja. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko ta baya, ba a feɗe ta, ba a jan ta a ƙasa. Da iska ta taɓa jinin, ƙwayar cutar na yin ɓawo ta kwanta a ƙasa shekaru da yawa tana jiran wani garken. A kira ma'aikacin dabbobi, a ƙone ta ƙurmus ko a binne a rami mai zurfin mita 2, tare da ƙasar da jinin ya jiƙa da allurar da aka yi mata.

Ku kuma 'yan kasuwa, taku ta biyo ta kwalba da kwali. Akwai masu bi suna sayen kwalaben allura da babu komai ciki da fankon magani masu kyan gani. Me za su yi da su? Cikawa za su yi da abin da Allah kaɗai ya sani, su liƙe, ya tsallaka iyaka a matsayin sabo. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Don haka mai asibiti ko mai shago ya yage tambarin, ya lalata fankon kafin ya rabu da shi. Maganin da wa'adinsa ya wuce ba a zuba shi a masai ko kwata, ba a kuma karya farashinsa a tura ƙauye. A Gana hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA ce ke sa ido a lalata shi. A Najeriya NAFDAC. In wani ya ba ka kwali ya ce ka sauke masa a Bawku ko Cinkasse, ka san abin da ke ciki, don a shingen kwastan wanda aka kama da kaya shi ne mai kaya.

Saura abin yi in tsautsayi ya faɗa, allurar bola ta soke ka ko ta soki yaronka. Ka wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu. Kada ka tsotsa, kada ka matse da ƙarfi, kada ka zuba bilic ko fetur ko ruwan batir. Sannan ka nufi asibiti a ranar, ka faɗa musu allura ce da aka yi amfani da ita. Akwai maganin da ke tare ƙanjamau kafin ya kama, amma sai an fara shi cikin awa 72, kuma gara a awannin farko. Ana shan sa kwana 28 ba fashi. Rigakafin ciwon hanta B an fi so a yi shi cikin awa 24. Za su duba kuma ko kana buƙatar allurar sarƙe-haƙora. Wanda aikinsa kwasar shara ne ko wanzanci ko unguwar zoma, kada ya jira tsautsayi: rigakafin ciwon hanta B allura uku ce, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida.

In abin ya same ka ana shirin tashi, kada ka ce sai ka isa gida. Daga Kumasi zuwa Yamai ko Maraɗi a babbar mota, da jiran iyaka da lalacewar hanya, awa 72 na iya ƙarewa kana zaune kan buhu. A cikin Kumasi akwai Komfo Anokye da asibitin Manhyia da ke dab da Zango. In mota ta riga ta ɗaga, akwai asibitin Holy Family a Techiman, akwai asibitin koyarwa na Tamale, akwai babban asibitin Bolgatanga kafin ka kai Paga. Ka ce wa direba ya tsaya.